Neman Malamin Sinanci a Babban Birni: Da Me Za Ka Auna Shi?

 Yau za mu duba wata buƙata da ta fara yawa a manyan biranenmu, musamman Kano da Kaduna da Abuja da Legas, wato neman inda mutum zai koyi Sinanci ba tare da ya bar garinsa ba. Ɗan kasuwa na cigiya, ɗalibin da ke hangen gurbin karatu a ƙasar Sin na cigiya, matashin da ke aiki a kamfanin Sinawa na cigiya, har da uwar da ke so ɗanta ya samu abin da zai fifita shi a kan tsararrakinsa ranar neman aiki. Tambayarsu ɗaya ce: ina ake koyarwa, kuma nawa ake biya? Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan, kuma a kanta zan tsaya yau. A babban birni ba za ka rasa wanda zai ce maka ya iya Sinanci ba. Wahalar tana wajen gane ko abin da yake ba ka na ƙwarai ne, domin wanda bai san harshe ba ba shi da abin da zai auna mai koya masa. Don haka ra'ayina shi ne, duk wanda zai nemi aji ko malami, ya fara neman ma'aunin da ba ya hannunsa kuma ba ya hannun malamin, sannan ya zaɓi wurin da ya yarda a auna shi da wannan ma'auni.

Kafin mu shiga nan, yana da kyau mu tuna cewa wannan buƙata ba yayi ba ce da za ta wuce gobe. Najeriya da ƙasar Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, amma tun kafin nan 'yan kasuwar Hong Kong sun riga sun zo Arewa, har aka kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964. A yau duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san daga inda akasarin kayan ke fitowa. Kamfanin CCECC ne ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. A Nijar, matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin CNPC. A 2018 Babban Bankin Najeriya ya ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi da babban bankin Sin ta yuan biliyan 15, domin 'yan kasuwa su rage dogaro da dala. Sau biyu kowace shekara fatakenmu na cika jirage zuwa baje kolin Canton a Guangzhou, wasu su zarce kasuwar Yiwu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wannan tarihi shi ne, su Sinawa sun daɗe da ɗaukar harshenmu da muhimmanci. Rediyon Sin ya fara watsa shiri da Hausa tun 1963, kuma Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing tana yaye ɗalibai masu digiri a Hausa. Idan mutum biyu suna ciniki, ɗaya yana jin harshen ɗaya, ɗayan kuma ba ya ji, an san wanda ya fi riƙe da wuyan cinikin. Saboda haka mai neman ajin Sinanci yana da hujja, kuma bai kamata a yi masa kallon mai ɓata lokaci ba.

To, mene ne ya sa na nace a kan ma'auni? Ɗan Kwari idan aka miƙa masa turmin atamfa, taɓawa kawai zai yi ya faɗa maka ko mai kyau ce ko jabu, domin hannunsa ya saba. Mai sayen darasin Sinanci kuwa yana sayen abin da ba zai san ingancinsa ba sai bayan wata shida ko shekara, ranar da ya tsaya gaban Basine ya buɗe baki aka rasa gane abin da yake faɗa. A lokacin kuɗi sun tafi, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo, bakinsa ya riga ya saba da kuskure. Wannan haɗari ya fi tsanani a Sinanci fiye da Faransanci ko Larabci, saboda ma'anar kalma a Sinanci tana rataye da karin sauti. Daidaitaccen Sinanci yana da gaɓoɓin furuci wajen 400 ne kawai, sai a rarrabe su da kari huɗu: ɗaya a sama a miƙe, ɗaya mai hawa, ɗaya mai sauka ya sake ɗagowa, ɗaya mai faɗuwa da ƙarfi, sai kuma wani sassauƙa marar nauyi. Kalmar saye da kalmar sayarwa gaɓa ɗaya ce a Sinanci, karin ne kawai ya raba su. Ɗan kasuwa ya tsaya ya yi tunanin wannan. Malamin da ya ce maka ka bar batun kari sai nan gaba, ka fara haddace gaisuwa tukuna, ya jefa ka cikin gyaran da zai fi koyon farko wuya.

A nan Bahaushe yana da wani gata da bai cika sanin yana da shi ba. Hausa ma harshe ne mai karin sauti, kunnenmu ya saba raba kukan yaro da itacen kuka ta hawa da saukar murya. Baturen Ingila sai ya yi makonni kafin ya yarda cewa murya na iya sauya ma'ana, mu kuwa da wannan aka haife mu. Haka kuma Sinanci ba shi da jinsin namiji da tamace a sunaye, ba shi da tarin hanyoyin jam'i irin namu, aikatau ba ya sauya siffa, kuma jerin jimla mai sauƙi yana tafiya kamar namu, mai aiki, sai aiki, sai abin da aka yi wa aikin. Amma gatan nan ba ya aiki da kansa. Karin Sinanci ba irin namu ba ne, sai an samu wanda zai saurare ka ya ce a'a, sake faɗa. Ga kuma tarkon rubutun pinyin, wato hanyar rubuta Sinanci da haruffan boko da gwamnatin Sin ta amince da ita a 1958. Mai karatun boko zai ga haruffan ya ɗauka ya san su, alhali harafin c a pinyin ya fi kusa da tsa ɗinmu, q ne ya fi kusa da ca, x kuma da sha. Wanda ya koya daga takarda kaɗai, ko daga malamin da shi ma daga takarda ya koya, zai yi shekara yana karanta wani harshe da babu mai yin sa a doron ƙasa.

Akwai kuma tambayar da yawancin masu nema ba sa yi: wane Sinancin? Abin da ake koyarwa a makarantun ƙasar Sin, wanda ake karanta labarai da shi, shi ne Putonghua, wanda aka fi sani da Mandarin, kuma an gina furucinsa a kan na Beijing. Amma harshen gado na mutanen Guangzhou da Hong Kong shi ne Kantonis, wanda mai jin Mandarin kaɗai ba ya gane shi. Mutanen Fujian da na Wenzhou da na Shanghai kowa da nasa. Ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou kada ya ruɗe ya ce to Kantonis zai koya, domin masu masana'antu da masu shagunan sari sun fito daga larduna daban-daban, kuma Mandarin ne ke haɗa su. Rubutu ma iri biyu ne: sauƙaƙaƙƙe da ake amfani da shi a babban yankin Sin da Singapore, da na gargajiya da ake amfani da shi a Taiwan da Hong Kong. Mai hulɗa da Guangzhou da Yiwu sauƙaƙaƙƙen yake buƙata. Wannan ne ya sa nake jan kunnen masu cewa ai akwai Basine a masana'antar da ke Sharaɗa ko Challawa a Kano, shi zai koya musu. Zama ɗan ƙasa daban, iya koyarwa daban. Da yawa daga cikin Sinawan da ke aiki a ƙasashenmu suna yin Mandarin da karin lardinsu, wasu ba sa raba sautin sa da sha, abin da ke sa huɗu da goma su yi kama a bakinsu. Irin wannan mutum abokin hira ne mai daraja ƙwarai, kuma zan dawo kan amfaninsa, amma a ɗora masa aza harsashi ba adalci ba ne gare shi ko ga ɗalibin.

Yanzu mu zo ga wuraren da ake nema. Mafi tsari su ne cibiyoyin da ke jingine da jami'a ko da ofishin jakadanci. A Najeriya, cikin cibiyoyin koyar da Sinanci da ake kira cibiyoyin Confucius, biyun da suka fi daɗewa su ne ta Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, wadda ta fara a 2008 da haɗin gwiwar Jami'ar Xiamen, da ta Jami'ar Legas da ta biyo baya a 2009. A Abuja akwai Cibiyar Al'adun Sin da ke buɗe azuzuwan harshe. 'Yan'uwanmu na Gana suna da irin wannan cibiya a Jami'ar Gana da ke Legon da kuma Cape Coast, na Kamaru kuma a Jami'ar Yaounde ta Biyu, kuma ana koyar da Sinanci a Jami'ar Marwa da ke arewacin ƙasar. Alherin irin waɗannan wurare shi ne suna da manhaja, suna da littafi, malamansu sun samu horo, kuma suna kai ɗalibi ga jarrabawa. Nakasunsu kuma a fili yake. Suna bin kalandar makaranta, ajin kan cika har ɗalibi ya yi awa biyu bai furta jimla biyar ba, kuma mutumin Kano ko Sakkwato ba zai rufe shagonsa ya koma Awka ba. Duk da haka, ko ba za ka yi karatu a can ba, ka san da su, domin su ne ke riƙe da ma'aunin da nake magana a kai. Ka kuma leƙa sashen harsuna na jami'a ko kwalejin da ke garinka ka yi tambaya, domin ko ba su da aji, sukan san wanda ya dawo daga Sin da harshen a bakinsa.

Waɗannan da suka dawo su ne, a ganina, babbar taskar biranen Arewa. Shekaru da dama matasanmu na tafiya Sin karatun likitanci da injiniyanci da harhaɗa magunguna, wasu da tallafin gwamnatin Sin, wasu da na jihohi, wasu da kuɗin iyayensu. Ga kuma waɗanda suka yi shekaru a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na Guangzhou suna aikin tafinta da haɗa kaya a kwantena. Malami Bahaushe yana da abin da Basine ba shi da shi: ya bi hanyar da kake shirin bi, ya san inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe, kuma zai yi maka bayani da Hausa maimakon ya ratsa da kai ta Turanci. Ga dattijon ɗan kasuwa da bai yi boko mai zurfi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a nan ne aka fi buƙatar hattara. Zama a Sin shekara biyar ba shaida ba ce. Jami'o'in Sin da yawa suna koyar da baƙi likitanci da Turanci, ɗalibi ya zauna cikin 'yan'uwansa baƙi, ya dawo da Sinancin sayen abinci da hawa mota. Shi kuma tafintan kasuwa yana iya zama gwani a ciniki, bakinsa kamar ruwa, amma bai iya karanta takardar yarjejeniya ba, bai kuma san dalilin da ya sa ake faɗar abu yadda ake faɗarsa ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu idan ya ce ya iya. Kai ne ba ka da hanyar sanin iyakar iyawar.

Ma'aunin da ake da shi a duniya shi ne jarrabawar HSK, wadda hukumomin ilmi na Sin ke shiryawa ga waɗanda Sinanci ba harshensu ba ne. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi tana da mataki 6. Na farko yana neman kalmomi 150, na biyu 300, na uku 600, na huɗu 1,200, na biyar 2,500, na shida kuma 5,000. A mataki na farko da na biyu ana sa pinyin tare da rubutun, daga na uku kuwa sai rubutun Sinanci zalla. A 2021 an fitar da sabon tsari mai mataki 9, saboda haka ka tambayi cibiyar jarrabawa wanne ake amfani da shi a lokacin da za ka zauna. Akwai kuma HSKK, wadda ke auna magana da baki. Amfanin wannan jarrabawa ga mai nema kashi biyu ne. Na farko, da ita za ka auna malami. Tambayar mutum wane mataki ya ci, a kuma nemi ganin takardar, ba cin fuska ba ne, kuma malamin kirki zai yi murna da tambayar. Ni dai ba zan ba da shawarar a miƙa mafari ga wanda bai kai mataki na biyar ba, ko aƙalla na huɗu mai ƙarfi tare da shaidar magana. Na biyu, da ita za ka auna tafiyarka. Idan malami ya ce zai kai ka mataki na farko cikin wata uku ko huɗu, ya ɗaure kansa da alƙawarin da wani daban zai duba. Wanda ya ce za ka iya Sinanci cikin sati shida kuwa bai yi maka alƙawarin komai ba, tunda babu wanda zai iya cewa ya cika ko bai cika ba.

Na san akwai mai sauraro da zai ce, malam, ni ba takarda nake nema ba, ciniki nake so in yi, me ya haɗa ni da jarrabawa? Wannan ita ce suka mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ana samun wanda ya ci mataki na huɗu amma ya kasa taya kaya, domin ya haddace kalmomi don takarda. Kuma kalmomin matakan farko sun fi karkata ga rayuwar ɗalibi, babu batun kwantena da kuɗin kafin alƙalami da mafi ƙarancin adadin da masana'anta za ta yarda ta yi maka. Amsata ita ce jarrabawa sharaɗi ce na farko, sai a ƙara mata ma'auni na biyu, wato kunnen ɗan harshen da ba shi da riba a cikin lamarin. A nan ne Basinen masana'anta ko abokin cinikinka na manhajar WeChat zai yi maka rana. Duk ƙarshen wata ka tura masa saƙon murya da abin da ka koya, ba tare da ka rubuta masa fassara ba, ka ga ko zai gane. Ka kuma nemi malaminka ya ware kashi ɗaya na kowane darasi ga harkarka: lissafi, launi, awo, ranakun isowar kaya. Lissafin Sinawa ma kansa yana buƙatar horo, domin manyan lambobi suna ƙirga su da dubu goma-goma, inda mu muke ƙirgawa da dubu-dubu, kuma sifili ɗaya a farashin kwantena ba abin wasa ba ne. Ɗan kasuwa yana iya ƙin zuwa zauren jarrabawa, wannan zaɓinsa ne. Amma ya ƙi malamin da ba shi da manhaja mai matakai, domin darasin da ba ya bin tsari hira ce da ake biya.

Wani zai ce ai iyayenmu fatake sun koyi Yarbanci a Ibadan da harshen Asante a Kumasi ba tare da aji ba, kasuwa ce ta koya musu. Haka ne, amma zama suka yi a cikin mutanen shekara da shekaru, suka yi maƙwabtaka, wasu har da auratayya. Mai zuwa Guangzhou sati biyu, yana kwana a masaukin 'yan'uwansa, yana cin abinci a gidan abincin Musulmi tare da su, tafinta na gabansa, bai zauna cikin harshen ba. Ga kuma rubutu, wanda kunne ba ya koyar da shi. Jadawalin haruffan da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 ya ware 3,500 a matsayin na yau da kullum. Ba kowa ke buƙatar su duka ba, amma 'yan ɗaruruwan farko su ne ke buɗe maka rasit da adireshi da shafin sari na 1688, wanda da Sinanci aka gina shi don 'yan kasuwar cikin gida.

Sai masu cewa waya ta gama komai, ka yi magana ta fassara, ka ɗora kyamara a kan takarda ta karanta. Ba na raina waɗannan manhajoji, kuma ina ba kowane ɗalibi shawarar ya sa ƙamus irin Pleco a wayarsa. Fassarar na'ura ta inganta ƙwarai, kuma ga wanda zai je sau ɗaya ya dawo, ta ishe shi, kada ya wahalar da kansa. Amma waya tana fassara abin da aka nufe ka da shi ne kawai. Maganar da mai masana'anta ya juya ya yi da ma'aikacinsa, da ɗan jinkirin da ke nuna cewa farashi zai iya sauka, da yadda Basine ke cewa zai duba alhali nufinsa a'a, duk waɗannan suna wuce ta. Haka batun tafinta. Akwai amintattu da yawa, kuma sana'a ce mai mutunci, amma sananne ne a harkar sari cewa wani tafintan yana karɓar la'ada daga ɓangaren mai sayarwa. Wanda ke jin ko da rabin abin da ake faɗa ya fi ƙarfin a yi masa haka, kuma amintaccen tafinta ma ya fi jin daɗin aiki da shi.

Akwai kuma damuwar da ta fi waɗannan nauyi, wadda bai kamata a share ta ba. Wasu na cewa cibiyoyin Confucius hanya ce ta yaɗa manufofin gwamnatin Sin. Tun da aka buɗe ta farko a Seoul a 2004 ake wannan muhawara, har ƙasar Suwidin ta rufe nata duka zuwa 2020, jami'o'in Amurka da yawa ma suka bi sahu. Musulmi kuma suna da nasu ciwon game da rahotannin halin da 'yan ƙabilar Uighur ke ciki a Xinjiang. Gaskiya ne kowace ƙasa da ta kashe kuɗi don koyar da harshenta tana da muradi, kamar yadda Faransa ke da shi a Alliance Française, Birtaniya kuma a British Council. Littafin da aka buga a Beijing zai nuna maka kyakkyawar fuskar ƙasar. Amma ban ga yadda jahiltar harshe zai kare mu daga wannan ba. Wanda ba ya jin Sinanci sai abin da aka fassara masa, wanda ke ji kuwa yana iya karanta yarjejeniyar da aka miƙo masa, ya ji ƙorafin leburanmu da martanin ubangidansu, ya yi hukunci da kansa. Game da addini kuma, ajin harshe ba wurin bauta ba ne, kuma Sinanci harshen miliyoyin Musulmi ne, musamman 'yan ƙabilar Hui. Masallacin Huaisheng da ke Guangzhou yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Maganar nan da ta shahara a bakin mutanenmu game da neman ilmi har birnin Sin, malaman hadisi sun ce ba ta inganta ba, kuma ba ma buƙatar jingina da ita. Halaccin koyon harshen abokin hulɗa a fili yake.

Game da wahala, kada a yaudari kowa. Makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Sinanci sosai. Amma ku lura da cewa a rukuni ɗaya ta sa shi da Larabci, harshen da dubban 'ya'yanmu suka ƙware a kansa a soraye da makarantun Islamiyya. Al'ummar da ta saba da hadda da bita da maimaita darasi gaban malami tana da tarbiyyar da Sinanci ke nema. Kuma ba kowa ke buƙatar awa 2,200 ba. Mai shago da ke son gaisuwa da lissafi da ciniki zai ga amfani tun daga mataki na biyu zuwa na uku. Ɗalibin da ke son digiri da Sinanci kuwa, jami'o'i da yawa mataki na huɗu suke nema, wasu na biyar, kuma sakamakon jarrabawar shekara biyu yake aiki wajen neman gurbi, don haka a lissafa lokaci.

Idan ka samu wanda kake ganin ya dace, ka nemi darasin gwaji kafin ka biya, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A cikin wannan zama ka lura da abubuwan da ko mafari zai iya gani. Shin ya fara da kari da pinyin, ko tsalle ya yi zuwa jerin gaisuwa? Wa ya fi yin magana, kai ko shi? Yana tsayar da kai ya gyara, ko duk abin da ka faɗa sai ya ce madalla? Yana kunna muku muryar 'yan harshen, ko muryarsa kaɗai za ku ji har ku gama? Da wane littafi yake aiki? Littattafan da Jami'ar Harshe da Al'adu ta Beijing ke bugawa don matakan HSK sun yaɗu, kuma suna zuwa da sautin da za ka saurara a gida. Ka biya wata-wata, kada ka biya na shekara a dunƙule komai rangwamen. Zama uku gajeru a mako sun fi zama ɗaya dogo ranar Lahadi, domin kari da haruffa suna gudu idan aka bar su kwana shida. Idan kuɗin malami na kai kaɗai ya yi maka yawa, ku haɗu ku huɗu ko biyar masu buƙata iri ɗaya, 'yan layi ɗaya a kasuwa ko 'yan aji ɗaya, ku raba kuɗin. Idan kun wuce haka, lokacin maganar kowa zai ragu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma suna iya ɗaukar malami su ba shi ɗaki bayan la'asar, kuma su ne suka fi ƙarfin sa masa sharaɗin cewa ɗalibai za su zauna jarrabawa. Ga mata da yara, a zaɓi wuri bayyananne da iyali suka sani, kuma a cigita malamai mata, domin akwai 'yan'uwanmu mata da suka yi karatu a Sin suka dawo.

Wanda garinsa ya rasa malami, ko ya wuce matakin malamin da ke kusa, yana iya ɗaukar malami daga Sin ta intanet, a riƙa ganin juna ta bidiyo ana biya awa-awa. Sharuɗɗan da muka faɗa ba su sauya ba: shaidar horo, darasin gwaji, littafi, da matakin da za a kai. Sai dai a tuna cewa agogon Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 7, saboda haka darasin bayan sallar asuba ko na hantsi ya fi samuwa, tunda bayan isha'inmu dare ya tsala a can. Yawancin waɗannan malamai da Turanci suke bayani, shi ya sa ya fi dacewa mafari ya yi watannin farko da malami Bahaushe a gari, sannan ya ƙara da awa ɗaya a mako tare da ɗan harshen. Game da jarrabawa kuwa, akan rufe rajista makonni kafin ranar zama, kuma ba kowane wata kowace cibiya ke shirya ta ba, don haka mai niyyar zuwa daga nesa ya tuntuɓi cibiyar tun a watan da ya fara karatu, ya san ranar, ya faɗa wa malaminsa.